Gurbin da Girkawa suka bari babu kowa

Na yi alkawarin ba ku labarin yinin da muka yi a Atens, to ga shi. Maganar ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Da sanyin safiya muka hau dutsen Akropolis, don an ja mana kunne cewa in rana ta take sai mun ji jiki. A can ƙololuwa Partenon yake, ginin da aka fara a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗakin bautar gunki ne da farko, ya koma coci, zamanin Turkawa kuma ya zama masallaci. A 1687 sojojin Venis suka harba masa igwa alhali an tara albarushi a ciki, ya tarwatse. Ragowar ce muke biyan kuɗi mu kalla.

Amma ni ba can abin ya taɓa ni ba, sai a gidan tarihin da ke gindin dutsen. Akwai mutum-mutumin mata shida da aka sassaƙa, waɗanda a da suke ɗauke da rufin wani shirayi a kansu. Biyar na tsaye a nan. An bar gurbin ta shidan fayau, don ita tana Landan. A hawa na sama ma haka suka yi: sassaƙen da ke hannunsu ya yi ja-ja saboda tsufa, wanda ke Birtaniya kuwa kwafinsa suka liƙa, fari fat. Ko yaro ya shigo zai gane me aka ɗauke, ba sai an yi masa bayani ba.

Lord Elgin, jakadan Birtaniya a fadar sarkin Turkawa, shi ya sa aka fara ɓamɓaro su a 1801, wasu har da zarto, sannan ya sayar wa gwamnatinsu a 1816 kan fam 35,000.

A gaskiya a da ina cikin masu cewa gara da Turawan Ingila suka kwashe, ai da tuni sun lalace. Yanzu na sauka daga kan wannan ra'ayi. Shekara da shekaru ana ce wa Girkawa ba su da wurin ajiya. Maimakon surutu sai suka gina wannan gida, suka buɗe shi a 2009, har ƙasansa gilashi ne kana hango tsohuwar unguwar da aka tono. Masu cewa su ne gwanayen adana kuwa, a 2023 da bakinsu suka amsa cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a gidan tarihinsu. Me ya rage? Dokarsu ta 1963 da ta hana fitar da kayan. Doka kuwa mutane suka rubuta ta. A 2023 ɗin ne ma Rishi Sunak ya soke ganawa da firaministan Girka don kawai ya taɓo maganar.

Na san wani zai ce meye namu da gumakan Girkawa. Ai ba bauta muka je ba, kuma rigimar tamu ce. Kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka wawashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara dawo da na hannunta. Muna da gaskiya in mun ce a dawo mana da sauran.

Sai dai ina tsaye gaban gurbin nan, ganuwar Kano ta faɗo mini a rai. Ita babu jakadan da ya zo da zarto. Mu da kanmu muke yankar ta muna kafa shaguna, ruwan sama na cinye sauran.

In Allah ya mai da mu gida lafiya, Asabar ɗin farko Gidan Makama zan kai yaran nan. Wallahi ni kaina rabona da shi tun ina firamare.