Mai Sayen Gida Ma Yana Buƙatar Nasa Wakilin

Ranar cinikin gida a Kano zaure kan cika. Ga mai gida, ga dillalin da mukulli ke hannunsa, ga wanda ya kai wa dillalin labari, ga kuma wanda ya rako mai labarin, kowa na jiran kasonsa. Mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a ce albarka, har dai a sallama a shafa fatiha. Sai dai duk cikin taron nan babu wanda zai ƙaru idan farashi ya sauka, balle idan aka fasa. La'ada kaso ce daga kuɗin gidan, a wurare da dama kashi 5 cikin 100, kuma ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Mutumin da ya zo da guminsa na shekara da shekaru, shi kaɗai ne ba shi da mai tsaya masa.

Wannan ba zagin dillalai ba ne. Sana'a ce ta kaka da kakanni, kuma masu amana a cikinta suna da yawa. Amma amanar da ke wuyan dillali ta mai sayarwa ce. Shi ya sa ya kamata mai saye ya nemi nasa wakilin, wanda shi zai biya, shi kaɗai kuma zai yi wa aiki.

Aikin wakili na farko takardu ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma gidan da ke da satifiket ba ya komawa sunan sabon mai shi sai da amincewar gwamnan. Wakili zai je hukumar bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ya sa a duba fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da gidan a banki ko ba a jinginar ba, akwai bashin kuɗin ƙasa ko babu. Idan gidan a awon igiya yake, inda takardar ciniki da sa hannun mai unguwa su ne hujja, sai ya bi sawun cinikin baya ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tambayi hukumar tsara birni ko wurin bai hau kan hanya ko magudanar ruwa ba. Jan fentin rusau a jikin katanga bayan an tare, baƙin cikinsa ba ya misaltuwa.

Gidan gado kuwa shi ne babban rami. Sau da yawa babban wa ne ke riƙe da takardu, shi ke magana da sunan kowa, alhali akwai ƙanwa da ke aure a wani gari ba ta ma ji ba, ko marayu da ba su balaga ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa ke bi, akwai haƙƙin shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na iya biyan kuɗin ya karɓe. Wakili nagari ba zai bari a ba da ko kafin alƙalami ba sai ya ga takardar rabon gado, ya kuma ji daga bakin kowane magaji. Dillalin da la'adarsa ke jiran sallamawa, da wuya ya tono wannan magana da kansa.

Sai kuma abin da ido kaɗai ke gani. Gidan da aka nuna a watan Maris, fes da sabon fenti, wani gida ne daban a watan Agusta. Wakili zai duba ƙasan bango ko danshi ya ci, ya leƙa silin, ya tambayi mai shagon bakin layi inda ruwa ke kaiwa da damina, ya nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe. Zai kuma san nawa aka sayar da irinsa a layin kwanan nan, don tayin farko ya tsaya a kan hujja.

Ko a Amurka, inda wakilin mai saye ya daɗe da zama ruwan dare, sai da batun wanda ke biyansa ya kai kotu, domin a lokacin daga aljihun mai sayarwa kamashonsa ke fitowa. A Oktoban 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Missouri suka ɗora wa ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, NAR, da wasu kamfanoni diyyar kusan dala biliyan 1.8. A Maris ɗin 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418, kuma daga 17 ga Agusta na shekarar ya zama tilas wakili ya rubuta yarjejeniya da mai saye, a fayyace ladansa, kafin ya kai shi ganin gida.

Wani zai ce ɗaukar wakili ƙarin kashe kuɗi ne. Haka ne, amma kuɗin bai kai na shekara guda ana zaryar kotu ba. Abin lura shi ne yadda za a biya: a yanke masa lada tsayayye a rubuce, a biya shi ko an sayi gidan ko an fasa, kuma kada ya karɓi ko sisi daga ɗaya ɓangaren. Lauyan da ya san harkar filaye zai iya, haka ma ƙwararren mai ƙiyasta kadara da ke da rajistar ESVARBON, hukumar da dokar 1975 ta kafa. Kowanne aka ɗauka, a nemi lambar rajistarsa a tabbatar da ita kafin a sa hannu.