Tsaron wa Google ke yi?

Tun da Google ta fara kashe ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauzar Chrome, waɗanda aka gina kan tsohon tsarin Manifest V2, 'yan amshin shata suka sake fitowa da tsohuwar waƙarsu. Wai don tsaronmu ne. Wai waɗannan 'yan manhajoji ƙofar ɓarayi ce, kuma kamfani ya fi mu sanin abin da ya dace da mu. To, madalla da wannan ƙauna! Kamfanin da mafi yawan kuɗinsa daga talla yake fitowa ya hana idonsa barci saboda lafiyarmu, sai ga shi babban wanda gatarin ya sara shi ne uBlock Origin, mai toshe talla. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Duk wanda ya san tarihin Tumblr ya san wannan waƙa da amshinta. A ƙarshen 2011, dandalin ya fara jefo wa masu amfani da wata ƙaramar manhajar burauza mai suna Missing e wata sanarwa ta tsoratarwa: wai kutse ne aka yi wa burauza, wai bayanansu na iya ɓacewa, wai kada su zo neman taimako in abu ya lalace. Laifin Missing e? Ta gyara abin da Tumblr ta ƙi gyarawa. Mutum ɗaya ne ya gina ta, kyauta, ta sauƙaƙa sake yaɗa rubutu, ta nuna lokacin da aka wallafa kowane abu. Kamfani mai ma'aikata da albashi ya kasa, wani a ɗakinsa ya yi, sakayyarsa ita ce a kira shi mai kutse.

Haka manhajojin Tumblr Savior da XKit suka yi shekaru suna ba mutane damar ɓoye batutuwan da ba sa son gani. Sai a 2017 Tumblr ta kawo nata matacin, tana buga ƙirji kamar ita ta ƙirƙiro.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba bai san wahalarsa ba. Kana rubuta manhajarka a kan shafin da ba naka ba. Ka kwana kana neman inda maɓallin sake yaɗawa yake a cikin lambobin shafin, ka samu, ka ɗaura aikinka a kai, da safe injiniyoyin kamfani su canza sunan wurin, komai ya wargaje. Saƙonnin zagi kuma gare ka za su zo, ba gare su ba. Da Tumblr ta sake ginin babban shafinta a 2020, dole aka rubuta XKit sabuwa fil daga tushe. Ɗan haya ne ke facin rufi da kuɗinsa, mai gida na zuwa yana yaye kwanon.

Za a ce ai akwai manhajoji masu satar bayanai. Akwai mana. A kantin wa ake samunsu? A kantin Chrome, wanda Google ke tantancewa da kanta. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

Kuma su wa ake so mu miƙa wa amana? Yahoo ta sayi Tumblr kan dala biliyan 1.1 a 2013. A 2019 Verizon, wadda ta saye Yahoo, ta sallama Tumblr ga Automattic kan kuɗin da rahotanni suka ce bai kai dala miliyan 3 ba. Waɗannan su ne gwanayen! A 2023 kuwa Twitter ta datse Tweetbot da Twitterrific, manhajojin da wasu suka gina don shiga dandalinta, ba sallama, Reddit ta tsawwala wa irin waɗannan manhajoji farashi har Apollo ta rufe. Duk inda mai amfani ya sami hanyar ganin dandali yadda yake so, sai an toshe.

Wanda ke sayen data da guminsa yana da haƙƙin hana bidiyon talla kunna kansa ya cinye masa ita. Kwamfutarsa ce, burauzarsa ce. Firefox har yau tana karɓar tsohon tsarin, uBlock Origin na aiki a kanta garau. Masu jiran Google ta tsare su, Allah ya ba da sa'a.