Ƙarfin Dako Dabam, Na Ɗaga Ƙarfe Dabam

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mil 12 ta Ikko da asuba, ko a Bodija ta Badun, ko a bakin gadar Anacha, ya ga yadda samarin Arewa ke sauke buhunan wake da masara daga manyan motoci, ba zai yi musun cewa Allah Ya hore wa mutanen nan ƙarfi ba. Buhun siminti kilo 50 ne, babban buhun hatsi kuwa ya kan kai kilo 100, amma yaro ɗan shekara ashirin zai saɓa shi ya hau katako da shi, ya komo ya ɗauki wani, har rana ta take. Haka abin ya ke a Abuja, a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da wurin fasa dutse na Mpape. To, tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya sa da wuya a ji sunan ɗaya daga cikin waɗannan ƙarfafa in an zo rabon lambobin gasar ɗaga ƙarfe?

Masu saurin yanke hukunci su kan ce wai wasan ne bai dace da al'adar Arewa ba. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙasar da ta ɗaukaka kokawa da dambe da langa ba za a ce ba ta san darajar ƙarfi ba. Gaskiyar al'amari ita ce ɗaga ƙarfe sana'a ce da a ke koyo kamar ƙira ko jima, tana da malamanta da kayan aikinta, su kuwa samarin nan babu wanda ya taɓa kai su ƙofar makarantar.

A gasa iri biyu a ke yi, kowane iri kuwa sau uku a ke ba mutum dama. Na farko shi ne fizga, watau a ɗauko ƙarfen daga ƙasa a kai shi bisa kai a tashi ɗaya, babu tsayawa a hanya. Na biyu shi ne saɓawa da turawa: a fara ɗora shi a kan kafaɗu ta gaba, a miƙe tsaye, sa'an nan a tura shi sama har hannuwa su miƙe sarai. Da akwai iri na uku, na dannawa da zallar ƙarfin hannu, amma an soke shi bayan wasannin Olamfik na 1972. Alƙalai uku ke zaune a gaban mai ɗagawa, kowa da farar fitila da ja. In gwiwar hannu ta lanƙwashe ta sake miƙewa, ko mutum ya saki ƙarfen kafin a ba shi izini, to, ja za ta kama, ko da ya ɗaga nauyin raƙumi.

A nan ne ɗan dako zai sha mamaki. Shi ya saba ya sunkuya da baya, abokan aiki su taya shi ɗorawa, ya yi ta tafiya da kaya a hankali. Mai ɗaga ƙarfe kuwa ba da hannu ya ke ɗagawa ba, kuma ba ya barin bayansa ya gantsare ko ya ƙudundune. Da ƙafafu ya ke tura ƙasa, sandar tana bin jikinsa kurkusa kamar ta shafi cinya, in ta kai ƙugu sai ya miƙe da zafin nama, ƙarfen ya yi sama da kansa. A cikin ƙiftawar idon da ƙarfen ke rataye, sai mutumin ya nutse ƙarƙashinsa ya tare shi a tsugune. Watau rabin aikin shi ne saurin shiga ƙarƙashin kaya. Har riƙon ma da ƙa'idarsa, babban yatsa ne ke naɗe sandar, sauran yatsu su danne shi, abin da ke da zafi a makonnin fari amma ya ke hana ƙarfe suɓucewa. Saboda wannan dabara ce Naim Suleymanoglu na ƙasar Turkiyya, ɗan gajeren mutum da ke ajin kilo 60, ya kai kilo 190 bisa kansa a Seoul cikin 1988, fiye da nauyin jikinsa sau uku.

Abin sha'awa ma, tsugunon da Turawa ke shan wuya kafin su iya, su yi wata da watanni suna sassauta idon sawu, shi ne zaman yau da kullum na yaron da ya tashi a karkarar Katsina ko Sakkwato. Da wannan ya ke cin tuwo, da shi ya ke hira. Masu koyar da wasan sun san abin da wannan ke nufi.

Sai batun kayan aiki. A bayan gidaje da yawa a Agege da Sabon Shagamu, haka kuma a Nyanya da Karmo, za a tarar da samari sun cika gwangwanaye biyu da siminti sun soka bututun ƙarfe a tsakani, ko sun samo tsofaffin ƙarafan mota. Himmarsu abar yabo ce, kuma abin na gina ƙwanji. Amma ba za a koyi fizga da shi ba. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kuwa kilo 15. Bakunanta biyu suna juyawa da kansu, domin kada nauyi ya murɗe wuyan hannu lokacin da mutum ya ke shiga ƙarƙashi. Fayafayen an lulluɓe su da roba don a iya sakinsu daga sama su faɗi ba tare da sun fashe ba: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. Dandamalin gasa mita huɗu ne kowace kusurwa. Takalmin ma na musamman ne, mai tudun dunduniya, mai tauri kamar katako. Wanda ke da gwangwanin siminti ba shi da halin yar da kaya in ya fi ƙarfinsa, don haka sai ya riƙe, a nan ne kuwa baya ke tafiya. Waɗannan kaya daga waje a ke sayo su, sun kuma fi ƙarfin aljihun lebura. Aikin hukuma ne.

Abuja ce ya kamata ta nuna hanya, gama ita ce aka gina da sunan garin kowa tun dokar da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1976. Babban filin wasanninta, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019, shi ya karɓi wasannin ƙasashen Afirka a watan Oktoba na 2003, har da ɗaga ƙarfe a ciki. A nan kuma aka yi Bikin Wasanni na Ƙasa a ƙarshen 2018, a 2020 kuma naƙasassu masu ɗaga ƙarfe suka zo gasar cin kofin duniya. Biki dai an sha yi. Amma baƙi su kan watse, a naɗe tutoci, yaron da ke tura baro a kasuwar Wuse bai ma san an yi ba. Babban Birnin Tarayya na da ƙananan hukumomi shida: ta cikin gari, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. Ɗaki ɗaya a kowacce, da dandamali biyu, da sanduna na gaske, da malami mai albashi wanda zai buɗe ƙofa da yamma bayan an tashi daga aiki, ba zai kai kuɗin bikin buɗe gasa guda ba. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka maido a 2024 a madadin ma'aikatar wasanni, ya dace ta fara da wannan kafin ta nemi wani baƙuncin.

Ba kuwa asarar kuɗi za a yi ba, gama wasan ya daɗe yana fid da Nijeriya kunya. Ruth Ogbeifo ta ciwo azurfa a Sydney cikin 2000, shekarar da aka fara barin mata su shiga wannan fage a Olamfik. Maryam Usman ta zo ta biyar a Beijing cikin 2008, amma da aka sake binciken fitsarin 'yan wasa a 2016 aka kama biyu daga waɗanda suka sha gabanta da shan ƙwayoyi, sai lambar tagulla ta komo hannunta. Ita ce kuma ta ci zinariya a wasannin ƙasashe rainon Ingila a Glasgow cikin 2014. A Birmingham cikin 2022 Adijat Olarinoye da Rafiatu Lawal sun ƙara zinariya biyu. A Paris cikin 2024, inda masu lafiya suka komo hannu wofi, Folashade Oluwafemiayo ta kwanta a benci ta tura kilo 167 a gasar naƙasassu, abin da wata mace ba ta taɓa yi a ajinta ba.

Su ma mazauna Kudu da nasu rabon aikin. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan dako a Ikko da Badun da Fatakwal sun iya haɗa gudummawar biki da ta jana'iza, sun san ƙofar kowane kansila. Ba zai gagare su ba su kai yara biyar ko goma wurin hukumar wasanni ta jihar da su ke zaune, su ce a gwada su. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi: ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar a ke nema, wanda zai yi watanni yana koyo da sandar tsintsiya kafin a ɗora masa faifai ko ɗaya, a riƙa ƙara masa nauyi kaɗan kaɗan, a kuma ba jikinsa hutu da abinci. Wanda ya shekara goma ƙarƙashin buhu, sau da yawa gwiwa da baya sun riga sun gaji.

Dole kuma a gaya wa yaran tun ran farko cewa ƙwayar da wasu leburori ke haɗiya don kada su ji gajiya, irin su tiramol, ba ta da wuri a wannan fage. Ana gwada fitsarin wanda ya ci gasa, ana kuma ajiye shi shekaru don a sake dubawa. Chika Amalaha tana da shekara 16 ta ci zinariya a Glasgow cikin 2014, ba a yi mako biyu ba aka karɓe lambar saboda abin da aka samu a jikinta.