KARIN HARSHE BA KUSKURE BA NE

A hutun da ya wuce ina zaune a rumfar wani mai atamfa cikin babbar kasuwar Kaduna, a nan Doka, sai ga wani dattijo ya zo sayayya. Ya yi sallama, ya ɗaga turmi guda, ya ce, "Wagga nawa ta?" Samarin rumfar suka dubi juna suka ƙyalƙyale da dariya, har ɗayansu ya ce, "Baba, yi mana da Hausa mana." Dattijon bai ce uffan ba, ya ajiye turmin ya yi gaba. Daga bisani na ji ashe mutumin Maraɗi ne. Su dai samarin sun yi asarar ciniki, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan dariya na sha jin ta har a cikin ajinmu, wurin da ya kamata a ce an fi kowa sanin darajar harshe.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wanda ya ce "munka zamna" bai yi kuskure ba, kuma wanda ya ce "muka zauna" bai fi shi iya Hausa ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Idan akwai waɗanda bai dace su yi wa kowa dariyar harshe ba, to mu mutanen Kaduna ne. Garin nan Turawa suka kafa shi, suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa cikinsa a 1917. Daga nan aikin gwamnati da na soja da na reluwe da fatauci suka yi ta kwararo da mutane daga kowace kusurwa. Sunayen unguwanni kansu shaida ne, ga Unguwar Kanawa nan. Wanda duk ya bincika asalin gidansu a Doka zai tarar kakansa da karinsa ya zo, ko Katsinanci, ko Zazzaganci, ko Sakkwatanci, ko ma wani harshe dabam. Hausar da muke yi yau gauraye ce, kuma idan muka je Kano mu ma ba mu tsira ba, ana ce mana mun cika Ingausa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To, daga ina aka samo ma'aunin da ake auna mutane da shi? Daidaitacciyar Hausa ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka zauna suka tsara ta domin bukatar rubutu. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Aikin ya bunƙasa a Zariya a hannun Dokta R. M. East, aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita. A 1955 aka kafa Hukumar Hausa, sannan aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita rubutu tsakanin ƙasashe. An ɗauki Kananci a matsayin tushe saboda yawan jama'ar Kano da ƙarfin kasuwarta, ba don an gwada an ga ya fi sauran tsarki ba. Abin lura ma shi ne, wanda ya fi kowa goge wannan Hausa ta littafi haifaffen Kagara ne, ya yi karatu a Katsina, ya yi aiki a Zariya. Shi kansa Bakano ba ya magana kamar littafi. Yakan ce "ya sai min", alhali a takarda "ya saya mini" za a rubuta.

Bugu da ƙari, ilimin harshe ya nuna mana abin da zai ba masu dariya kunya. Tun a 1928 Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana yadda wasu baƙaƙe suke raunana idan suka zo ƙarshen gaɓa. Da haka ne "zamna" ta koma "zauna", "sabro" ya koma "sauro", "amre" ya koma "aure". Wato ke nan, siffar da ke bakin Basakkwace da Bagobiri ita ce tsohuwa, tamu ce ta sauya. Wanda ya yi wa "zamna" dariya, bakin kakanninsa ya yi wa dariya bai sani ba. Haka kuma wanda kunnensa bai saba da karin yamma ba, yaya zai yi da waƙoƙin Nana Asma'u, ko na Narambaɗa da Ɗan Anace? Rabin taskar adabinmu da wannan kari aka zuba ta. Gidan rediyon Kaduna ya shekara da shekaru yana sa waƙoƙin makaɗan nan, iyayenmu na saurare suna gyaɗa kai, ba wanda ya taɓa cewa Narambaɗa ya yi da Hausa.

Ni kaina sai da na bar gida na gane wannan sosai, da ma an ce tafiya mabuɗin ilimi. Na taɓa bin hanyar Katsina da Jibiya, na ƙetare ta Ɗan Isa na shiga Maraɗi. Ranar farko na tambayi kuɗin ƙosai aka ce "dala ashirin", na tsaya sototo. Sai da aka fahimtar da ni cewa dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin kuwa sefa ɗari, jika kuma sefa dubu. Da na ji yaro ya ce zai tafi "lakwal" wurin "mushe", na kusa yin dariya, don a wurinmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Ashe malamin makaranta yake nufi, kalmar daga Faransanci aka aro ta, kamar yadda muka aro "firamare" da "hedimasta" daga Ingilishi. Nan ni ne baƙo, ni ne mai baƙon kari, kuma da na buɗe baki suka gane daga inda na fito. Amma ba wanda ya ce in yi masa da Hausa.

Iyakar da ta raba mu da su Ingila da Faransa suka shata ta, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Sarakunan Maraɗi kuwa zuriyar sarakunan Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi. Saboda haka bambancin da ke tsakaninmu iri biyu ne. Akwai na karin gargajiya, wanda ya girmi iyakar, akwai kuma na kalmomin aro, wanda mulkin mallaka ya haifar. Babu ɗaya daga ciki da ya mai da wani bare. Haka abin yake ga Hausawan zango a Kumasi da Ankara, waɗanda ba su damu da bambanta jinsin namiji da na mace a magana ba. Su ma harshen ne ya bi su fatauci ya zauna da su.

Wani zai ce, to idan kowa ya yi yadda ya ga dama, ai harshen ya watse. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na jayayya da ita a fagen rubutu. Jarida da littafin makaranta da takardar jarrabawa dole su bi ƙa'ida guda, don ɗan Damagaram ya karanta abin da ɗan Bauchi ya rubuta. Amma ƙa'idar alƙalami dabam, bakin mutum dabam. Wani kuma zai ce ai wasa ne kawai, kamar na Kanawa da Zagezagi. Sai dai wasan taubasai ramawa ake yi, kowa ya faɗa a faɗa masa. Wanda aka yi wa dattijon Maraɗi raini ne, kuma irinsa ne ke sa ɗalibi ɗan Gusau ko Argungu ya kame bakinsa a aji, ko ya koma gida yana gyara wa mahaifiyarsa magana. Wasu finafinan Hausa ma sun ƙara wa wutar makamashi, inda suke sa wa baƙauye ko wawa karin yamma a baki don a yi dariya.

Daga ƙarshe, ina roƙon malamanmu da su ƙara ba darasin karin harshe muhimmanci, a riƙa tura mu ƙauyuka da tashoshin mota muna naɗar maganar tsofaffi kafin ƙasa ta rufe musu ido. Aikin da Bargery ya yi a ƙamusunsa na 1934, inda ya nuna garin da ake faɗin kalma kaza, yana jiran wanda zai ɗora a kai, kuma tashar Kawo kaɗai ta ishi ɗalibi ya cika littafi. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, idan muka ji kalmar da ba mu saba ji ba, mu ɗauko biro mu rubuta, mu tambayi mai ita asalinta. Allah Ya sa mu gane, amin.