Hausar da Ake Ƙerawa a Kan Allon Waya

Akwai wani irin ɗalibi da ba a rasa shi a jami'o'inmu, ko a Yamai ne ko Damagaram, Maraɗi ko Tawa. Da rana yana aji kamar kowa, yana kwafar darasin tsarin sauti da ginin jumla. Da dare, in an sauke butar shayi a fada, sai ya ja gefe da wayarsa, ko dai ya buɗe ibisPaint yana zane da ɗan yatsa, ko ya shiga Free Fire ko eFootball tare da abokan da wasunsu bai taɓa gani ido da ido ba. Hukuncin da aka yanke masa ya daɗe: yaro ne da bai san abin da ya kawo shi jami'a ba. Ni ma ina cikin wannan ayari, ina kuma shekarar ƙarshe ta digiri na biyu, don haka ba zan yi shigar alƙali ba. Matsayina shi ne, a cikin sa'o'in nan da ake kira na banza ake yanke wani ɓangare na makomar Hausa a cikin na'ura, mu kuwa masu nazarin harshe mun bar wurin ba mai tsaro.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Wasa yana cin lokaci, yana cin kuɗin intanet da aka tsakura daga na abinci, yana cinye cajin wayar da za a karanta darasi da ita in an ɗauke wuta a tsakiyar bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a 2022. Sai dai a duba ma'aunin da ta sa: mutum ya kasa riƙe kansa, wasa ya danne sauran al'amuransa, ya ci gaba da yi duk da ɓarnar da yake gani, kuma a bisa al'ada a shafe kamar shekara guda ana haka. Wanda ya kai nan taimako yake bukata. Amma ɗalibin da ya buga wasa biyu bayan isha'i ya koma kan kundinsa bai fi mai kwana hirar ƙwallon Turai laifi ba, illa dai ita hirar an saba da ita.

To, a saurari abin da ke fita daga bakin masu wasan. Mutum huɗu ne a ƙungiya guda, kowa da abin sauraro a kunne, ga abokan gaba sun kewaye su, babu mai sararin tunanin nahawu. Wannan ita ce maganar da masana walwalar harshe ke wahalar nema, wadda mai ita ya manta ana jin sa. Abu na farko da kunne zai kama shi ne yadda tsofaffin kalmomi suka ɗauki sabon kaya ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. "Na mutu," in ji saurayi lafiyayye, "zo ka tashe ni." "Saura rai guda." Aikatau ɗin nan "ci", wanda dama ya ci kasuwa ya ci jarrabawa ya ci amana, yanzu yana cin mataki a wasa, ana kuma cinye mutum da shi uku ba ko ɗaya. Abu na biyu shi ne hanyar da baƙin kalmomi ke shigowa. Aikatau na Hausa yana da tsauri, sai ya dace da karin sauti da wasalin ƙarshe na rukuninsa, shi ya sa aikatau na aro irin su "canza" da "kwafa" ba su da yawa. Mafi yawan baƙi ta ƙofar "yi" suke bi, su zauna a matsayin suna: a yi telesharje, a yi konekte. Ga kuma sautin da harshenmu ba shi da shi yana sauya kama, har kalmar Faransanci ta mataki ta koma "nibo". Duk wannan mun karanta shi a aji da misalan zamanin mulkin mallaka, su lakkwal da likita, alhali ga shi yana faruwa a ɗakin da ke maƙwabtaka da namu.

Abin ya fi armashi in ɗan Maraɗi ya haɗu da ɗan Katsina a fage guda. Wasa ya tsaya cik, wannan ya ce rezo ne, wancan ya ce netwok ne ko sabis. Tsakanin garuruwan biyu ba wata tafiya ba ce, harshen uwa guda ne, amma kalmomin na'ura sun rabu daidai inda Faransa da Ingila suka ja layi. Sau da yawa na ji yadda ake sasantawa: a bar kalmomin aron duka biyu a koma Hausa tsantsa, a ce "ya yanke", "ya dawo", "yana ja". Wato bukatar fahimtar juna cikin gaggawa tana tura samari zuwa ga Hausar da tarurrukan daidaita kalmomi suka daɗe suna fata. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri.

Zane kuwa wata makaranta ce dabam, mai shiru. Wanda ya buɗe akwatin launi a Krita ko ibisPaint yana gaban launuka sama da miliyan 16, ga shi bakinsa na riƙe da fari, baƙi, ja, shuɗi, kore da rawaya, sai tsanwa da algashi, sai kuma dogon jerin "ruwan": ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Tun 1969 Berlin da Kay suka kawo ra'ayin cewa harsuna na tara sunayen launi na asali bisa wani jeri sananne, ana kuma ta muhawara a kai har yau. Mai zanen da aka ce ya yi wa amarya katin biki "ruwan goro amma kada ya yi ja sosai" yana gwada iyakokin waɗannan kalmomi a aikace, yana gane inda ja ya ƙare a idon Bahaushe. Zai kuma tarar cewa "kore" da muke ba launin ganye, a bakin marina sunan riga ce da ta sha baba har ta yi baƙi tana ƙyalli. (Wani abin dariya: kalmar "calque" da malamanmu ke nufin fassarar aro da ita, ita ce dai sunan fallen da ake zane a kansa a cikin waɗannan manhajoji in an sa su a Faransanci. Ni "falle" nake ce masa, tun da ana ɗora wani kan wani, kuma ban ga wanda ya kasa ganewa ba.) Game da zanen mai rai, wanda wasu ƴan'uwa ke ƙyama saboda addini, wannan magana ce ta malamanta. Abin da zan ce kawai shi ne, da yawa daga cikinmu dagi suke zanawa, da aska takwas, da adon bangon gidajen Birnin Damagaram, da zayyanar allo, kuma nan ma akwai sunayen da ke neman ɓacewa tare da magina da maɗinka.

Amma inda mai zane ya fi jin ciwo shi ne haruffa. Ka gama hoto, ka zaɓi kyakkyawan salon rubutu, ka buga taken da Hausa, sai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ su fito a matsayin akwatuna huɗu marasa komai, ko su fito da wata sura dabam kamar baƙi a gidan biki. Ba don ba su da gurbi a Unicode ba ne, suna da shi tun da daɗewa, kuma salon rubutu irin su Andika da Charis na SIL da Noto na Google suna ɗauke da su. Masu ƙera yawancin salon ado ne ba su zana su ba, don ba su san da mu ba. Me ɗalibi zai yi? Sai ya cire ƙugiyar. Daga nan ƙasa ta zama kasa, ɓari ya zama bari, ƙafa ta zama kafa. Hoton ya zagaya WhatsApp, dubban yara su gani su ɗauka haka ake rubutawa. Ƙa'idar rubutun da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999, wadda ta ba mu ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, tana koyuwa a ƴan azuzuwa, tana kuma rushewa a allon waya kowace rana. Wa zai zana ƙugiyar nan? Sai wanda ya san amfaninta a tsarin sauti kuma hannunsa ya iya lanƙwasa layi. Irin wannan mutum yana zaune a bencin baya na sashenmu, ana ce masa ya daina shiririta.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Matsayi a takarda abu ne mai kyau, amma yaron da ya tashi yana ganin duk abin da ke ba shi nishaɗi da wani harshe yake magana zai yanke nasa hukuncin game da harshen da ya dace da zamani. Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. A 2014 aka fitar da Never Alone, wasan da al'ummar Inupiyak ta Alaska ta sa hannu wajen ƙera shi, mai ba da labari a cikinsa da harshensu yake magana, harshen da masu jin sa ƴan dubbai ne kawai. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion daga Yawunde, da kayan aiki da wutar lantarki da ba su fi namu da yawa ba. Hausa tana da masu magana miliyoyi barkatai, tana da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, tana da kokowa da kirarinta da makaɗanta.

Roƙona ga malamanmu bai kai na a buɗe sabon sashe ba. A karɓi maganar masu wasa a matsayin fagen tattara bayanai, da izinin masu ita, kamar yadda ake karɓar ta kasuwa da ta tasha. A yarda ɗalibi ya fassara manhajar zane irin Krita, wadda kyauta ce kuma masu sa kai ke fassara ta, ya kare zaɓin kowace kalma a gaban kwamitin jarrabawa, domin wanda ya yi gumi wajen zaɓa tsakanin "warware" da "koma baya" ya yi ilimin ma'ana fiye da wanda ya haddace ta'arifinsa. Mu ɗalibai kuma mu fara da abin da hannunmu zai kai. Dara ba ta bukatar hoto mai nauyi: gidaje 30, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Ɗalibin sashen kwamfuta zai iya rubuta manhajarta a hutu guda, mai zane ya yi mata rairayi da tsakuwa da karan dawa. Namu aikin shi ne mu je gindin bishiyar da dattawa ke bugawa mu naɗi sunan kowane motsi da habaicin da ake jefa wa wanda aka cinye, a Tawa da Maraɗi da Damagaram dabam-dabam, don ba lalle ne su kira abu guda da suna guda ba.