A shata hanyar ƙafa daga Maratta zuwa Gudu

A 1685 sarkin Faransa Louis XIV ya haramta addinin Furotesta, dubban mabiyansa suka tsere da ƙafa ta tsaunuka zuwa Suwizalan da Jamus. Yau an shata wannan hanya, daga ƙauyen Le Poët-Laval har Bad Karlshafen. Akwai alamomi a mararraba, akwai masaukai, mutum ya rataya jakarsa ya yi makonni yana tafiya yana tuna wahalar kakanninsa.

Mu fa? A Maratta, nan cikin jihar Tahoua, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ya tashi a Degel, daga can kuma ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ni ɗan Madawa ne, kuma raina na ɓaci in ga motocin albasa suna ratsa Galmi dare da rana, yaranmu kuwa sun san sunan Shehu a littafi amma ba su taɓa taka ƙasar da aka binne cibiyarsa ba.

Ina kira ga sarakunanmu na gargajiya da magadan gari su fara da abin da ba ya cin kuɗi: allo a kowane zango, randar ruwa, rumfar kwana a gidan mai gari. A sa tafiyar cikin sanyin hunturu, bayan an gama girbi. Iyakar ƙasa da matsalar tsaro za su hana a kai Gudu yanzu, gaskiya ne. To a soma da ɓangarenmu, 'yan makarantar Buza da Keita su zo su taka tare da malamansu.