A Gina Rumbu Kafin a Yi Alfahari da Damma

Ya zama kamar ijma'i a bakin masu boko na wannan zamani cewa ƙasashen da Allah Ya hore wa zafin rana, irin tamu Nijar, sun kusa sallama da duhu, domin wai da lantarkin rana za a raba ruwa a fitar da iskar haidirojin, a ƙona ta a madadin fetur. Ni ban yarda ba, kuma hujjata ita ce wadda kowane manomin gero a Sukukutane ya sani, cewa mutum ba ya ƙirga dammansa da fahari sai ya san rumbun da zai zuba su.

Wannan iska ta haidirojin, wadda babu wata da ta kai ta rashin nauyi, ajiyarta ce mas'ala, domin ko dai a danne ta cikin tulu mai ƙarfi har matsinta ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 700, ko a sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri kafin ta zama ruwa. Wannan ya sa masana suka koma ga abubuwa masu ƙananan ramuka kamar gawayi, musamman waɗanda Umar Yagi, haifaffen birnin Amman, ya shahara da haɗawa har ya yi tarayya a lambar Nobel ta 2025, waɗanda da za a shimfiɗa bangon ramukan giram ɗaya nasu, da ya rufe filin ƙwallo. Hikima ce babba, ba na musunta ta. Amma iskar ba ta manne wa ramukan nan da yawa sai a tsananin sanyi, wajen digiri 196 ƙasa da sifiri, in ɗumi ya shigo kuwa galibinta ya kuɓuce. Ina za a samo wannan sanyi a ƙasar Arewa, inda bazara ke haye digiri 40, kuma kowane kilo na iskar sai ya ci lita 9 na ruwan da matanmu ke ja da guga?

Abin da ya fi damuna shi ne, irin waɗannan ramuka an jarraba su a hamadar Amurka sun tatso ruwan sha daga busasshiyar iska, amma masu yi mana bushara da haidirojin ba su ko ambaton hakan. Malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan ilmin hasken rana, don Allah ku fara da ruwan.